Daga Kankaren Dakar zuwa Ganuwar Kabi: Yadda Aka Tsare Bakin Kwara

Ranar 23 ga Satumba 1940 hazo ya rufe tekun Dakar tun da asuba. Cikin hazon nan jiragen ruwan yaƙi na Ingila suka tunkaro tashar, ɗauke da Janar de Gaulle da sojojinsa, suna sa ran Gwamna Janar Pierre Boisson zai buɗe musu ƙofa ya bi bayansu. Abin da ya tarbe su wuta ce. Manyan igwa da aka girke cikin kankare a kan tudun tsibirin Gore da kuma Cap Manuel suka buɗe baki, jirgin yaƙin Faransa Richelieu da ke daure a tashar ya taya su. Kwana uku ana musayar wuta. A rana ta uku wani jirgin ƙarƙashin ruwa mai suna Bévéziers ya huda cikin babban jirgin Ingila Resolution, sai maharan suka juya suka nufi Saliyo.

Tsakanin Dakar da Zagga ta ƙasar Gwandu akwai fiye da kilomita 2,000, kuma babu wanda ya ji ƙarar igwar nan a bakin Kwara. Amma a Dakar ne hedkwatar dukan ƙasashen Faransa na Afirka ta Yamma take, don haka tsayawar da kankaren Gore ya yi ta sa Dahomi da Nijar suka ci gaba da zama ƙarƙashin gwamnatin Vichy, wadda ta yi sulhu da Hitila a watan Yuni. Mai fito a Illo, da falken da ya taso daga kasuwar Jega zai bi ta Kandi zuwa Jugu, da Bafulatanin Ka'oje mai kai shanu cikin Bargu, duk suka wayi gari hanyar da kakanninsu suka saba bi ta zama bakin daga. Ƙasar da a yau ake kira ƙaramar hukumar Bagudo, da Zagga da Illo da Lolo da Tsamiya, ta shiga cikin taswirar Yaƙin Duniya na Biyu ba tare da an tambaye ta ba.

A waɗannan watanni ne Ingila take zuba kankare a gaɓar tekunta da gaggawar wanda ruwa ya ci gidansa. Bayan an kwashe sojoji kusan 338,000 daga Dunkirk a ƙarshen Mayu da farkon Yuni, an bar yawancin tankoki da igwa da motoci a hannun Jamus. Janar Edmund Ironside, wanda aka ba tsaron gida, ya ga ba shi da abin da zai yi yaƙin zirga-zirga da shi, sai ya zaɓi ya kafe a wuri ɗaya. Ya sa a yi wa bakin teku ɓawo mai tauri, a kuma ja layukan tsaro a cikin ƙasa, ana bin koguna da magudanan ruwa da hanyoyin jirgin ƙasa. Abin da aka jera a kan layukan nan shi ne 'yan ɗakunan kankare na 'yan bindiga, kuma an gina kimanin 28,000 cikin abin da bai kai shekara biyu ba.

Wanda bai taɓa ganin ɗakin ba, ga kamanninsa. Ɗaya daga cikin waɗanda aka fi yawan ginawa kusurwa shida gare shi, bango biyar kowanne da 'yar kafar da za a zura bakin bindiga, na shida kuma ƙofa ce ƙarama a baya. Kaurin bangon na yau da kullum bai wuce ƙafa ɗaya da 'yan kai ba, wanda zai tare harsashi. Wanda aka yi don ya jure ƙwallon igwa yakan kai ƙafa uku da rabi. A tsakiyar ɗakin akwai wani ɗan bango da aka tsayar don harsashin da ya shigo ta kafa ɗaya kada ya yi ta tsalle ya kashe kowa. Mutum shida ne ke zama ciki, a tsaye ko a durƙushe, cikin duhu da ƙamshin albarushi. Wani ofishi na Ma'aikatar Yaƙi mai suna FW3 ne ya zana sifofin, 'yan kwangilar garuruwa suka gina, kowa da irin tsakuwa da yashin da ya samu kusa. An ɓad da kamar wasu suka zama kamar tarin ciyawa, wasu kamar rumfar mai sayar da jarida, wasu kamar ɗakin ajiyar manomi.

Tun kankaren bai gama bushewa ba aka fara shakkar amfaninsa. Janar Alan Brooke, wanda ya gaji Ironside a watan Yuli 1940, ya fi son rundunar da za ta iya tashi ta tari abokin gaba duk inda ya sauka. Zuwa 1942 an daina gina sababbi. Jamus ba ta zo ba, kuma ba a yi yaƙin da aka gina su dominsa ba. A ɗaya gefen teku Hitila ya yi nasa, wanda ya fi girma nesa ba kusa ba: daga 1942 aka tilasta wa dubban ɗaruruwan mutane zuba kankare daga Norway har iyakar Sifen. Ranar 6 ga Yuni 1944 aka fasa wannan bango a Normandi cikin yini ɗaya.

Iyakar Nijeriya da ƙasashen Vichy, daga Badagry har tafkin Chadi, ta haura kilomita 2,000, kuma ba a yi mata irin wannan layi ba. Ba ma zai yiwu ba. A 1940 babu masana'antar siminti ko ɗaya a ƙasar. Ta Nkalagu sai 1957, ta Kalambaina a Sakkwato sai cikin shekarun 1960. Kowane buhu sai ya tsallake jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus ya sauka Ikko, ya hau jirgin ƙasa zuwa Jebba ko Gusau, sa'an nan a nemi kwalekwale ko jaki. Sai dai mutanen bakin Kwara da Gulbin Kabi ba baƙi ba ne ga ilimin tsare gari. Sun yi shekara ɗari huɗu suna yinsa da ƙasa da dutse da ƙaya, kuma a wasu fuskoki tunaninsu ya fi na kankaren zurfi.

Mafarin labarin Kanta ne. Wajen 1516, bayan yaƙin Agadas, Muhammadu Kanta na Kabi ya saɓa da Askiya Muhammadu na Songhai a kan rabon ganima, ya ɓalle, ya tsaya da ƙafarsa, rundunar da aka aiko ta murƙushe shi kuma ta koma ba nasara. Wanda ya yi wa daula mafi ƙarfi a Yammacin Sudan tawaye ya san ba zai kwana a fili ba. Ya gina Surame, da Gungu, da Leka. Ganuwar Surame da dutse aka yi ta, aka haɗa da laka, zagaye cikin zagaye, tana kewaye da fili mai faɗin kusan murabba'in kilomita tara, kuma har yau tana tsaye a wurare cikin dajin ƙaramar hukumar Binji ta Jihar Sakkwato. Ruwayar Kabawa ta ce kowace ƙasa da ke ƙarƙashin Kanta sai da ta aiko da mutanenta suka gina rabonsu. Ta kuma ce da Mai na Barno ya kewaye birnin, aka jera gawarwaki a kan ganuwa da baka a hannu, Barebari suka hango su suka ɗauka mayaƙa ne ba iyaka, suka janye; Kanta ya bi su har wajen Nguru ya ci su, amma a kan hanyar dawowa kibiya ta same shi a ƙasar Katsina ya rasu. Ko an yi gawarwakin ko ba a yi ba, masu ba da labarin sun fahimci cewa rabin aikin ganuwa a cikin idon abokin gaba yake, dabarar da Ingila ta koma wa da ta rufe ɗakunanta da ciyawa.

Wajen 1700 Kabawa suka bar Surame suka koma Birnin Kabi. A 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo da Aliyu Jedo ta ci birnin, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya tsere, jama'ar Shehu suka kafa sansaninsu a Gwandu. A shekarun da suka biyo Abdullahi ya kai yaƙi ƙasar Dandi, ya haye Kwara, ikon Gwandu ya kai har Illo da gaba. Da haka garuruwan wannan kwari suka shiga cikin abin da ya zama masarautar Gwandu, wadda Zagga da Ka'oje ke cikinta har gobe.

Amma Kabi ba ta mutu ba. Hodi ya yi ta yaƙi har aka kashe shi a 1826, magajinsa Karari ya ɗauka daga Argungu har ya faɗi a 1831, ɗansa Yakubu Nabame kuma, bayan shekaru yana tsare a Sakkwato, ya sake ɗaga tuta a 1849 da goyon bayan Arawa da Zabarmawa da Dandawa. Daga nan har zuwan Turawa, in ban da 'yan shekarun sulhun Lafiyar Toga da aka ƙulla a 1867, fadamar Gulbin Kabi ta zama iyakar yaƙi ta dindindin. Sarkin Gwandu Haliru kansa a fagen fama da Kabawa ya rasu a 1860. Bajamushen nan Heinrich Barth ya ratsa ƙasar a watan Yuni 1853, daga Gwandu ta Birnin Kabi da Zogirma da kwarin gishirin Foga zuwa Sayi, kuma abin da ya gani garuruwa ne masu ganuwa, kowanne a tsorace, da kufai a tsakaninsu, da matafiya da ba sa fita sai da rakiya.

Amsar da Sakkwato da Gwandu suka bayar ita ce ribaɗi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubutu a kansa, ya kuma aikata da kansa, don ya bar Sakkwato ya zauna Wurno har ya rasu a can a 1837. Ribaɗi gari ne da ake kafawa a bakin iyaka da gangan, a naɗa masa ɗan sarki ko babban malami, a zaunar da mayaƙa da iyalansu, a kawo maƙera da masaƙa da marina, a jawo Fulanin daji su zauna su yi noma, a gina masallacin Juma'a da makaranta. Silame da Tambuwal da Ambursa duk sun yi wannan aiki a fuskar Kabi, Ambursa ma sarakunan Gwandu suka riƙa zama a cikinta don kusanci da daga. Kabawa su ma haka suka yi a nasu gefen, Argungu da Augi da Gulma kowanne da ganuwarsa.

Yadda ake tsare irin waɗannan garuruwa abu ne da ya cancanci a tsaya a kansa, domin ilimi ne cikakke. Ƙasar da aka haƙa don yin ganuwa ita ke barin gwalalo a waje, don haka aiki ɗaya ke ba da bango da rami. A bayan gwalalon ana barin sarƙaƙiya ta yi kauri, wadda doki mai lifidi ba ya iya ratsawa, maharan dole su biyo ta 'yar siririyar hanyar da masu gari suka zaɓa musu. Ganuwar tana da faɗi a gindi, tana sirancewa a sama, ta ciki kuma akwai badala inda 'yan baka da 'yan bindiga ke tsayawa suna harbi ta kafofin da aka bari. Ƙofa ƙunci gare ta, sau da yawa an shigar da ita ciki yadda wanda ya tunkare ta zai sha kibiya daga dama da hagu, ƙyaurenta na itace mai nauyi da aka lulluɓe da ƙarfe ko kirgi, sarkin ƙofa na rufewa da faɗuwar rana. Ƙauyen da bai kai ya yi ganuwa ba sai ya yi kafi da gumagumai. Bayan kowace damina a yi gayya, kowace unguwa ta yaɓe rabonta. A wannan yanki kuma akwai abin da ya fi kowace ganuwa, wato ruwa: idan fadama ta cika, dawakai ba su da hanya, mashigai 'yan kaɗan ne kuma an san su, kwalekwalen kuwa suna hannun Sarkawa da sarakunan ruwa, wanda duk suka ƙi fitarwa sai ya jira rani.

A nan ne bambancin yake, kuma shi ne ya sa marubucin nan yake ganin ganuwa ta fi ɗakin kankare daraja a matsayin tunani. Ɗakin kankare bindiga yake karewa da mutum shidan da ke riƙe da ita; mata da yara da hatsi suna can wani wuri, kuma ranar da yaƙi ya ƙare ɗakin ba shi da sauran amfani. Ganuwa kuwa da rijiya a cikinta, da rumbu, da fili da aka bari a noma ko a tara shanu idan an kewaye gari, da wurin da mutanen ƙauyuka za su gudo su fake. Wanda ya tsaya a badala gidansa yake gani idan ya waiwaya. Wannan ba ya nufin zamanin ya yi daɗi. Bayi ne suka ɗauki mafi nauyin ƙasar da aka gina manyan ganuwowi da ita, kuma yaƙin da ya sa aka gina su ya cinye garuruwa da mutane masu yawa daga ɓangarorin biyu, dukansu masu salla.

Sai Turawa suka zo da nasu salon, kuma abin mamaki, wannan ɗan lungu na Kwara ya kusa haɗa Ingila da Faransa yaƙi. Kamfanin Neja na George Goldie yana iƙirarin ƙasar bisa takardun da Joseph Thomson ya samo daga Sakkwato da Gwandu a 1885, amma ba shi da ko soja ɗaya a arewacin Jebba. Faransawa da suka ci Dahomi suna neman tasha a kan Kwara a ƙasan duwatsun Busa, inda jirgi zai iya kaiwa teku. A Nuwamba 1894 Lugga, wakilin kamfanin, ya riga Kyaftin Decoeur na Faransa isa Nikki da 'yan kwanaki. A 1895 Kyaftin Toutée na Faransa ya gina sansani daura da Bajibo ya sa masa suna Arenberg, da ya tashi kamfanin ya karɓe ya mai da shi Fort Goldie. A 1896 wani Bafaranshe, Hourst, ya gangaro da jiragensa daga Tambutu, ya yi watanni a wani tsibiri kusa da Sayi cikin sansanin da ya gina, sa'an nan ya wuce ta gaban Illo zuwa teku. A farkon 1897 Bretonnet ya kafa tutar Faransa a Illo, ya gangara ya zauna Busa.

Martanin Landan shi ne kafa rundunar iyaka ta Afirka ta Yamma, wadda ta zama tushen sojan Nijeriya, Lugga na shugabanta, Kanar Willcocks na jan ta a daji. Umarnin Joseph Chamberlain, sakataren mulkin mallaka na Ingila, shi ne duk inda Faransa ta kafa sansani a kafa wani kusa da shi. Haka aka cika Bargu da 'yan sansanonin ƙasa da itace, tuta na kallon tuta, Hausawa da Yarabawa a wannan, 'yan Senegal a wancan, kowa da yatsa a kan kunama, alhali masu ƙasar suna ciyar da duka biyun ba da son ransu ba. A teburin sulhu a Faris kuwa, garin da aka fi daɗewa ana ja-in-ja a kansa Illo ne. Faransa ta ƙi sakinsa don an kashe mata jami'i a can, Chamberlain ya ƙi haƙura, har sai da aka yi musaya da Buna, can arewacin ƙasar Kwaddebuwa ta yau. Yarjejeniyar 14 ga Yuni 1898 ta ce iyaka za ta taɓa Kwara a wuri mai nisan mil goma sama da Giri, tashar jiragen Illo. Wannan jimla ɗaya ce ta sa Lolo take Nijeriya, Madekali take Benin. Ita ce kuma ta raba Bargu biyu: Nikki ta tafi Faransa, Busa da Illo suka zauna Ingila, garuruwa uku da ruwayarsu ta ce 'ya'yan Kisra ne. Daga baya Turawa suka cire Illo daga Bargu suka haɗa ta da Gwandu.

A cikin waɗannan shekaru ne ganuwa ta gama aikinta. Bida ta faɗi a 1897, Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903 bayan igwa ta fasa ƙofa, Sakkwato ranar 15 ga Maris. A gefen Faransa, rundunar Voulet da Chanoine ta ƙone Lugu da Birnin Ƙonni a 1899. Bangon da aka auna shi da kibiya da doki da bindigar toka ba zai tsaya gaban igwa da bindiga mai ruwa ba. Sarkin Kabi Sama'ila, wanda ya yi shekaru yana cin garuruwan Gwandu, ya karanta zamanin ya karɓi Turawa ba faɗa. Kuma waɗannan makaman da suka kashe ganuwa a nan su ne suka tilasta wa Turai kanta shiga rami da kankare a Yaƙin Duniya na Farko, inda Jamusawa suka cika filayen Ypres da ɗakunan 'yan bindiga a 1917. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka yi masa su a Matan Fada, gabar shekara ɗari ta zama biki.

Saboda haka lokacin da iyaka ta sake zafi a 1940, babu ganuwar da ake gyarawa, babu kuma kankaren da za a zuba. Abin da Gwamna Bernard Bourdillon da Janar George Giffard suke tsoro a fili yake. Tun watan Satumba na shekarar jiragen sama da ake haɗawa a Takoradi suke bi ta Ikko da Kano da Maiduguri da Fort Lamy zuwa Masar, hanyar da ta buɗe saboda Gwamna Félix Éboué na Chadi ya bi de Gaulle ranar 26 ga Agusta. Kano kuwa ba ta da nisa da Damagaram, inda sojojin Vichy suke. Ƙwararrun bataliyoyin Nijeriya kuma an riga an tura su Gabashin Afirka, inda suka shiga Mogadishu a Fabrairu 1941 suka kori Italiyawa har cikin Habasha. Abin da ya rage na tsaron iyaka shi ne 'yan rundunonin sintiri, da 'yan doka, da idon hakimai da dagatai da masu unguwanni, waɗanda ke sanin kowane baƙon da ya kwana a garinsu. Sarkin Musulmi Abubakar na Uku da Sarkin Gwandu Yahaya, dukansu sun hau a 1938, su ne suka ɗauki nauyin tara sojoji da kuɗin taimakon yaƙi a ƙasashensu, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta Abubakar Imam kuma tana kai labarin daga har ƙofar fada.

Rufe iyakar bai hana ta yoyo ba. Gishirin Foga da shanu da goro da atamfa da kananzir sun ci gaba da ratsawa da dare, fasa-ƙwauri ya samu gindin zama, masu gudun aikin tilas da ƙwacen hatsi na Faransawa suna tsallakowa da iyalansu. Ɓangarorin biyu sun yi amfani da fatake da masu fito da makiyaya wajen leƙen asiri, kuma wanda aka kama ya ɗanɗana. Ranar 10 ga Nuwamba 1941 aka harbe Albert Idohou da Agoussi Wabi, 'yan Dahomi, tare da Aloysius Odervole da ya shigo daga Nijeriya, a Dakar, bisa laifin yi wa Ingila aiki. A wannan gefen ma talaka bai tsira ba: da Japan ta ƙwace kuzar Malaya a 1942, aka shiga ɗiban gwamna, ana kwasar dubban manoma daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza a Jos, sanyi da yunwa da cuta suka kashe da yawa.

A Nuwamba 1942 sojojin Amurka da Ingila suka sauka Maroko da Aljeriya, Boisson ya sauya sheƙa kafin watan ya ƙare, barazanar ta gushe ba a yi yaƙi a bakin Kwara ba. Sojojin da aka tara domin tsaron iyaka aka zuba su cikin runduna ta 81 da ta 82, aka kai su Bama, inda 'ya'yan Kabi da Gwandu da Yawuri suka yi yaƙin daji da Japanawa a kwarin Kaladan da Arakan.

Cikin ɗakunan kankare 28,000 na Ingila, kimanin 6,500 suna nan. Waɗansu teku ta cinye gaɓar da ke ƙarƙashinsu sun gangaro kan yashi a Yorkshire, waɗansu an mai da su maƙwancin jemagu, waɗansu gwamnati ta sa su cikin kayan tarihi da doka ke karewa. An san adadin ne domin daga 1995 zuwa 2002 masu sa kai wajen 600 suka bi gonaki da gaɓar teku da takarda da awo, ƙarƙashin majalisar masu binciken kayan tarihi ta Biritaniya, suka rubuta wurare kusan 20,000. Igwar Gore ma tana nan a kan tudunta, masu yawon buɗe ido na hawa suna ɗaukar hoto.

Namu ƙasa ce, ruwan sama kuma ba ya jira. Tsohuwar Busa, da wurin da Bretonnet ya kafa tutarsa, tana ƙarƙashin tafkin Kainji tun 1968. Surame an ayyana ta cikin kayan tarihin ƙasa a 1964, an kuma sa ta cikin jerin wuraren da Nijeriya ke nema wa amincewar UNESCO a 2007, gidan tarihi na Kanta a Argungu yana ajiye da masu da takubba da sulke da tambura. Ƙananan garuruwan su ne abin damuwa. A yawancinsu ganuwar ta zama ɗan tudun da ake ɗibar ƙasar gini, gwalalo ya zama kududdufi ko juji, ƙofa ta rage suna kawai a bakin tsofaffi. Aikin da masu sa kai na Ingila suka yi bai fi ƙarfin ɗaliban tarihi na jami'o'in Birnin Kebbi da Sakkwato ba, ga waya mai nuna taswira a aljihun kowa. A Zagga da Illo da Ka'oje da Bahindi akwai dattawan da iyayensu suka ga zamanin rufe iyaka, kakanninsu kuma suka yi gayyar yaɓen ganuwa, waɗanda za su iya taka ƙasa su nuna inda kowace ƙofa take, da mashigin da ake tsaro, da wanda ke riƙe da kwalekwalen sarki. Irin wannan zagaye da rani ake yinsa, bayan an kwashe amfanin gona, lokacin da ciyawa ta kwanta har layin gwalalo ya fito.